Notin da ban ɗaure ba

Hutun ƙarshen zango na biyu a Gembu na yi shi, can kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, wajen Kawuna direba. Motarsa tsohuwar Land Rover ce wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. A 1948 aka fara ƙera irinta a Ingila, amma in ka ga yawansu a Gembu sai ka rantse don tudun nan aka yi su.

Gilashinta na gaba ne ya fi burge ni. Shafaffu ne guda biyu cikin firam ɗaya, kuma firam ɗin yana juyawa daga ƙasa kamar murfin akwati. In an cire tamfol aka kwance noti biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, sai ya kwanta a kan bonet. Haka ƙananan motocin jif na sojojin Amurka suke a Yaƙin Duniya na Biyu: ana kwantar da gilashin don kada ƙyallinsa a rana ya tona inda suke. Namu dalilin bai kai nan ba. Dogayen katakai muka kai wani ƙauye, tsawonsu ya wuce bayan motar.

Muna gama saukewa hadari ya haɗo. Kawu ya ce, "Ɗan nan, tayar mini da gilashin kafin in karɓo kuɗi."

Sau uku ya taɓa nuna mini. Firam ake kamawa da hannu biyu, ba a dafa gilashin. A share ƙasar da ta taru a kan robar da zai zauna, a ɗaga a hankali har ya zauna daidai, sannan a ɗaure notin ɓangarorin biyu. Na ɗaga, na ɗaure na dama tamau. Na hagu ya yi tsatsa, ya cije, ga yayyafi ya fara sauka a ƙeyata. Na murza shi sau biyu na ce ai ya isa.

A gangara ta biyu wata saniya ta faɗo hanya. Kawu ya taka birki, ɓangaren hagu ya fizge, firam ɗin ya murɗe, sai na ji ƙas! Tsaga ta bi gilashin gabana daga kusurwa zuwa kusurwa.

Kawu ya girgiza kai. "Tsufa ne, notin nan ya daɗe yana neman canji."

Ga ƙofa ya buɗe mini da kansa. Da na yi shiru, da maganar ta mutu a nan. Muka yi tafiya mai nisa, ruwa na tsiyayowa ta tsagar yana ɗiga a gwiwata, ina lissafin lodi nawa zai yi kafin ya mayar da kuɗin gilashi. Sai da muka hango rufin gidajen Gembu na iya buɗe baki.

"Kawu, ni ne ban ɗaure shi ba."

Bai kalle ni ba. Ya sauya giya, ya ce, "Na sani. Na ga bakin notin tun da na shigo, na ce in mun isa gida na ɗaure. Ni ma laifina ne."

Washegari da sassafe ya miƙo mini sifana da ɗan gwangwanin baƙin mai. Ranar na kwantar da gilashin na tayar har sau goma, yana zaune a kan safaya yana shan shayi, yana ƙirgawa.