Ni ma da na raina OTM

Jiya bayan isha'i wani ƙanenmu ɗan aji biyu ya tare ni a ƙofar masallaci. Ƙanwarsa ta nemi karatun lauya, makin JAMB bai kai ba, sai poli ta ba ta OTM. A gida an ce ta haƙura ta sake zana jarabawa baɗi, wai me za a ci da aikin sakatare. Na ce masa ya bari zan rubuta, don maganar ta taɓa ni.

Ni ma lauya na so zama. Sau biyu ina zana JAMB, a ƙarshe na shiga OTM ba don ina so ba. Wallahi har na gama ND, in aka tambaye ni a unguwa me nake karanta sai in yi ta kame-kame. Buga rubutu, gajeren rubutun Pitman, adana fayil, rubuta wasiƙa, duk gani nake ɓata lokaci ne.

Bautar ƙasa ce ta kawo ni Ibadan bayan HND, aka tura ni ofishin wasu lauyoyi. Kullum ina hanyar babbar kotun jiha da ke Ring Road da takardu a hammata: a kai rijistara a ƙiyasta kuɗi, a biya, a yi rantsuwa, a bi ma'aikacin kotu ya kai wa ɗaya ɓangaren. Kuma littafin ranakun shari'a a hannuna yake.

A wata na biyar na tafka kuskuren da har yau nake tunawa. Muna da wani Alhaji mai fataucin albasa, shari'ar shago yake yi. Alƙali ya yanke wata 'yar magana a tsakiyar shari'a ba a gefenmu ba, oga ya ce za mu ɗaukaka ƙara, in rubuta wa'adi. Ni abin da na haddace wata 3, shi na rubuta. Ashe wata 3 na hukuncin ƙarshe ne. Irin wannan na tsakiyar shari'a kwana 14 kacal doka ta bayar. Sai a kwana na 19 oga ya buɗe littafin. Bai yi mini ihu ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Dole aka shigar da roƙon ƙarin lokaci, ga kuɗi, ga watanni sun tafi. Ni aka sa in yi wa Alhaji bayani tunda ni ke jin Hausa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Yaro, ni fa da na ga namu a ofishin nan sai hankalina ya kwanta." Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Daga nan na daina ɗaukar kaina mai buga takarda. Na zauna na karanta dokokin shigar da ƙara na kotunan da muke zuwa. A nan na ji labarin shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, inda Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardu saboda sunan kamfanin lauyoyi aka sa a wurin sa hannu maimakon sunan lauya. Ƙarar zaɓe kuwa kwana 21 ne daga bayyana sakamako, in ya wuce ya wuce. Irin waɗannan, idon ma'aikacin ofis ne ke fara kama su ko ya sake su.

Sai kuma Hausa. Mutanenmu na Sabo da Bodija da Shasha suna da shari'u da yawa, amma da wuya su tarar da mai jin maganarsu a ofishin lauya. Na taɓa ganin bayanin wani da aka rubuta ya sayar da fili, alhali jingina ya ce. Da ya rantse a kan wannan takarda, shi ke nan.

Ba zan yi muku daɗin baki ba dai. Albashin farko bai taka kara ya karya ba. Ba za ka sa hular lauya ba, ba za ka tsaya gaban alƙali ba, kuma wasu ƙananan lauyoyin kallon ɗan aike suke maka. Wariyar HND da digiri ma tana nan. Ni sai da na yi shekara guda a PGD kafin a ɗauke ni mastas, kuma da kuɗin wannan aikin nake biyan kuɗin makaranta har yanzu. Wanda zuciyarsa ta kafe a kan zama lauya kuma gida za su iya jiransa, ya sake gwadawa, ba laifi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yarinya ta ajiye gurbin da ke hannunta ta zauna gida don kawai sunan kwas bai yi wa dangi daɗin faɗa ba.

Na ce wa ƙanen namu in ta shiga, lokacin SIWES ta nemi ofishin lauya ko rijistarar kotu, kar ta yarda a ajiye ta inda sai kwafin takardu. Ta riƙe kwamfuta da kyau, ta gyara Turancinta na rubutu. Ya ce matsalar Baba ce, ba ita ba. Mun yi da shi ranar Juma'a bayan an sauko zai kira Baban ya ba ni wayar.