Gidan da Na Saya da Bazara

A watan Maris na 2012 na sayi gidana na farko a Kano, a wata unguwa da ke wajen ganuwa. Bazara ce, ƙasa ta bushe ƙamas, rabon garin da ruwan sama tun Oktoba. Dillalin da ya kai ni dattijo ne da suke sahu ɗaya da mahaifina a masallaci. Ya buɗe zaure muka shiga: ɗaki uku da falo, tsakar gida shafe da siminti, bango ya sha sabon fenti, ko warinsa bai gama fita ba. Nan take gidan ya kwanta mini a rai.

Da na faɗa wa mahaifiyata, abu ɗaya ta ce: "Ka kai wanda ya san gini ya duba maka." Na ce to, amma ban kai ba. Kunya ce ta hana ni. Gani nake idan na zo da magini yana ƙwanƙwasa bango, tamkar na ce wa abokin mahaifina ban yarda da shi ba. Ga shi kuma an ce wani ɗan kasuwar Kwari yana zawarcin gidan. Na biya, na ba da la'ada, shaidu suka sa hannu, aka shafa Fatiha.

Daminar shekarar ce aka yi ambaliyar da ta yi ɓarna a jihohi da dama na Najeriya. Mu tamu jarrabawar a watan Agusta ta zo. Wani dare aka kwana ana tsuga ruwa. Silin ɗin ɗakin yara ya fara ɗiga, muka jera kwanuka da bokitai. Kafin asuba ruwan kwata ya kwararo ta zaure, domin ashe gidan ya fi layin kwari. Ni da maiɗakina muka ɗora yara a kan gado, muka yi ta kwarfa har aka kira sallah. Bayan kwana kaɗan fenti ya kumbura ya ɓaɓɓare daga ƙasa zuwa gwiwa, farin gishiri ya feso, sai ga wata tsaga tun daga kusurwar taga har ƙasa, wadda aka liƙe da siminti aka rufe da fenti.

Sai a lokacin na kira wani tsohon magini. Bai fara da bango ba. Waje ya fita, ya gaisa da dattawan layin, ya tambaye su abin da ke wurin kafin a yi gini. Suka ce kududdufi ne. Shi ya warware mini sauran. Kududdufan Kano ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, su ke shanye ruwan damina. Da gari ya cika, aka cike da yawansu da shara aka yanka filaye. Ƙasar cike takan ci gaba da zama, harsashi ya motsa, bango ya tsage, ruwan kuma ba ya manta hanyarsa. Ya hau tsani ya leƙa cikin silin, ya ɓanɓaro katako da hannu: gara ta cinye cikinsa. Ya taka daga shadda zuwa rijiya, ya girgiza kai ya ce kada a ƙara shan ruwan.

"Yaro," in ji shi, "da ka kira ni kafin ka biya, wuni ɗaya ya ishe ni."

"Baba, nauyin dillalin na ji."

"Nauyi ba ya tare ruwa."

Gyaran ya cinye kuɗin da nake tarawa don kujerar Hajjin mahaifiyata. Ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, shirun nan nata kuwa ya fi faɗa ciwo.

Daga baya malaminmu ya tuna mini da hadisin da Manzon Allah (SAW) ya zura hannu cikin tulin abinci a kasuwa, ya ji lema a ƙasa, busasshe a sama, ya hana irin wannan algus. Ya ce shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibi, ta kuma ba mai saye damar mayar da haja idan an ɓoye masa. Nan na gane dubawa ba cin fuska ba ce. Mai gaskiya ba ya jin haushin a zura hannu cikin hajarsa.

Da ƙanena ya tashi sayen nasa, na ce ya jira damina. Washegarin wani ruwa mai ƙarfi muka je da tsohon nan. Ya duba inda ruwa ya kwanta, ya ƙwanƙwasa filasta yana sauraron inda ta yi holoƙo, ya leƙa rufi, ya buɗe kowane famfo. Mu kuma muka kai takardu ma'aikatar filaye, muka ga mai unguwa. Gida biyu muka bari, na uku ya saya. Ran da ya tare, mahaifiyarmu ta shafa bangon ɗakin da tafinta, ta ji shi a bushe, ta ce Allah ya sa rai aka yi wa.