Zane daga sama zuwa ƙasa a CAD: inda yake ba ni wahala

Jama'a, masu koyon zanen injina suna yawan tambayata wace hanya ta fi wajen haɗa sassa. Hanya biyu ce. Ko ka zana kowane sashe shi kaɗai sannan ka harhaɗa, ko ka fara da babban zane guda, kowane sashe ya ɗauki awonsa daga jikinsa. Ta biyun ita ake kira daga sama zuwa ƙasa, kuma Fusion 360 da Onshape suna sauƙaƙa ta. Onshape ma yana buɗewa a waya, in dai akwai data.

Tana da daɗi, ban musa ba. Ka faɗaɗa firam, komai ya bi.

Amma ni yawancin abin da nake zanawa na masu walda ne a Wurno, Rabah da Goronyo: injin casar shinkafa, amalanken ɗaukar injin ban ruwa na 'yan fadama. A nan ba zane ke mulki ba, kasuwa ce. Ka zana da boris mai lamba 6204, raminsa milimita 20, faɗinsa na waje 47. Oga ya je Sakkwato bai samu ba, ya dawo da 6205, wato 25 da 52. In duk sassan a ɗaure suke da juna, kana canza awo ɗaya sai ramukan kusoshi su gusa a farantin da an riga an yanka an huda tun jiya. Manhajar ba ta san an yanka ƙarfe ba, kuma ba ita za ta biya kuɗinsa ba.

Sai matsalar aro. Sashen da aka zana cikin wani inji yana jan igiyarsa duk inda ka kai shi. A SolidWorks, ka buɗe shi ba tare da uwar zanen ba, za ka ga alamar ->? gefen sunansa. Wanda ka tura wa fayil ɗin kuwa, sai ya yini yana laluben inda awon ya samo asali.

Shi ya sa yanzu firam da tazarar bel kaɗai nake ɗaurewa da babban zane. Duk abin da saye ake yi, boris, inji, taya, zaman kansa yake. Farantin da aka riga aka yanka kuma, a ranar nake tsinke alaƙarsa da sauran.