Kai! Ashe Haka Ƙasar Nan Take!

Jama'a, ku matso ku ji! Mai tuƙi ba ya ganin ƙasa, wallahi kwalta da ramuka kawai yake gani!

Hutun bana na rataye makullin mota a Gumel. Motar haya zuwa Kano, wata zuwa Kaduna. Ba layin gidan mai, ba neman mai faci. Ni da taga kawai.

Sai tashar Rigasa. Sai jirgin ƙasa!

Kai! Kai! Sanyi a cikin tarago, kujera mai laushi. Na ɗora kofin shayi, ko ɗigo bai zube ba. Ko ɗigo! Ga wani dattijo yana jan carbi, ga yara sun manna hanci a gilashi suna ƙirga shanu. Jirgin na ta keta daji, Rijana, Jere, Kubwa, kilomita 186 har Idu a Abuja. Duwatsu baƙaƙe, manya-manya, suna tasowa daga cikin ciyawa kamar giwaye a kwance. Mutumin rairayi irina, ina zan iya rufe baki?

Mu fa ba baƙin jirgi ba ne. Layin Kano zuwa Nguru, mai jigilar gyaɗa, tun 1930 ya ratsa Gagarawa. Amma wannan na 2016, ai wani abu ne daban!

Daga Abuja, bas. Lokoja! Inda kogin Kwara ya haɗu da Binuwai. Ruwa, ruwa, ruwa, ido bai kai gaɓa ba. Soyayyen kifi da zafinsa, da yaji, a bakin titi. Tirelolin shanu na ta wuce mu, na ce lallai akwai na kasuwar Alhamis ta Maigatari a ciki, tare muke tafiya!

A Ibadan na kwana a Sabo, Hausa raɗau ko'ina. Da safe tashar Moniya, wani jirgin kuma, wanda aka buɗe a 2021. Kurmi kore shar, bishiyoyin kwakwar manja, ayaba, Abeokuta, Agege, sai ga ni a Ebute Metta. Legas! Ban taka birki ko sau ɗaya ba!

Ga shi ana shimfiɗa layin Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Ranar da aka fara sayar da tikiti, ku neme ni a gaban layi. Wa zai bi ni?