Faifan da jama'a ta haddace tun bai shigo kasuwa ba

Ran 23 ga watan Janairu na shekara ta 2006, wasu samari huɗu ƴan birnin Shefild na ƙasar Ingila, makaɗan jita da ake kira Arctic Monkeys, suka fito da faifansu na farko. Cikin mako guda aka sayi sama da dubu 360. Kafin su, babu makaɗan da faifansu na farko ya taɓa yin irin wannan kasuwa a Ingila cikin kwana bakwai. Mawaƙinsu, Alex Turner, shekarunsa 20 ke nan, kuma Domino, gidan da ya buga faifan, ba ya cikin manyan kamfanonin da suka mamaye sana'ar.

Abin da zai ɗaure wa ɗan kasuwa kai shi ne, da yawa cikin hajar an riga an raba ta kyauta. Tun daga 2003, in yaran suka yi wasa a ƙananan gidajen rawa, sai su ba masu kallo faifan gwaji ba tare da karɓar ko dala ba. Su kuma waɗannan suka zuba waƙoƙin cikin intanet, wani ya ba wani. A bikin kiɗa na Reading na 2005, taron jama'a ya yi ta amsa waƙoƙin da ba su fito ba tukuna. Da faifan ya fito kuwa, mutanen nan da suka haddace shi su ne suka sa hannu aljihu.

Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Shefild garin ƙera ƙarfe ne wanda masana'antunsa suka durƙushe cikin shekarun 1980. Turner bai ari harshen Amurka ba kamar yadda mawaƙan ƙasarsu da dama suka saba. Da karin harshen garinsu ya yi waƙar mai gadin gidan rawa da ke hana shiga, da neman taksi cikin tsakar dare, da gardama da ƴan sanda. Samari suka ji darensu na Asabar aka faɗa.

Masu sharhi na jaridu a baya suka iso, kuma wanda ya makara a wurin biki shi ya fi ɗaga murya. Jaridar NME ta ba faifan 10 bisa 10, kana cikin watan da ya fito ta sa shi na 5 a jerin faifan Birtaniya mafi daraja a tarihi, gaba da Revolver na Beatles wanda ya fito tun 1966. Nan ta yi gaggawa, don ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Yabon ya jawo wa yaran ƴan adawa, masu cewa hayaniyar jarida ce kawai, alhali jarida ba ta san da su ba sa'ad da suke cika gidajen rawa. Har ministan kuɗi na lokacin, Gordon Brown, ya ambace su cikin wata hira don burge matasa. Da aka matsa masa daga baya, ko sunan waƙarsu ɗaya bai iya kawowa ba.

A Amurka, inda ba a san titunan Shefild ba, abin bai kai haka ba. Faifan ya tsaya a matsayi na 24, masu sharhin Pitchfork suka ba shi 7,4 bisa 10. Hukunci ne na wanda ya ji kiɗan yana da kyau amma zancen cikinsa bai shafe shi ba, kuma ya fi na NME natsuwa. A gida dai, cikin Satumba na 2006, faifan ya ci kyautar Mercury.