Tafiyar Da Muka Shirya A Kan Taswira



A makon da muka dawo daga hutu, wani abokinmu ɗan ajin ƙarshe ya shaida mana cewa da zarar ya ajiye biron jarrabawa, Libiya zai nufa ta mota. Ya ce wani ɗan unguwarsu ya tafi, har ya aiko wa mahaifiyarsa kuɗin kwanon rufi. Ba mu yi masa dariya ba, domin kowa a Toranke ya san gidan da aka yi irin wannan tafiya. Abin da muka ce masa shi ne, tunda shirin zaune ya fi na tsaye, mu zauna mu shirya tafiyar tare.

Muka ari taswirar Afirka wajen malaminmu na labarin ƙasa, muka shimfiɗa ta a kan benci biyu. Farkon hanya bai ba mu wahala ba. Daga Toranke sai Gaya, sai Wudil, sai Kano. Daga nan a bi ta Kazaure da Daura zuwa kan iyaka a Kongolam, a shiga Nijar ta Matamaye zuwa Damagaram. Duk wannan ƙasar Hausa ce, ko'ina ka yi sallama za a amsa, ka roƙi ruwa a ba ka. Daga Damagaram zuwa Agadas ta Tanut ya haura kilomita 400, kuma tun nan muka lura sunayen garuruwa sun fara yin nisa da juna.

Da muka wuce Agadas sai yatsanmu ya faɗa cikin Tenere. Tsakanin Agadas da Dirku takardar fayau take, babu gari, babu kogi. Malam ya ba mu labarin wata bishiya guda ɗaya tilo da ta taɓa tsayawa a wannan sahara, matafiya suna gane hanya da ita, har wata babbar mota ta buge ta a 1973. Bayan Dirku akwai Madama, sannan a shiga Libiya zuwa Sabha.

A nan muka daina ƙirga kilomita, muka koma ƙirga ruwa. Muka ce a ƙaddara mutum zai sha lita 5 a wuni, tafiyar kuma ta ɗauki kwana 4. Lita 20 ke nan, wato kusan jarka guda ta mutum ɗaya. Sai wata 'yar ajinmu ta tambaya, "To idan motar ta lalace kwana biyu fa? Kuma in mutum 20 ne a bayanta, ina za a ɗora jarka 20?" Kowa ya yi shiru.

Malam ya ce tambayar nan ba ta wasa ba ce. A watan Oktoba na 2013, an tsinci gawarwakin mutum 92 a saharar arewacin Arlit, a kan hanyar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara, kuma ƙishirwa ce ta kashe su. Da yawa daga cikinsu mutanen yankin Kance ne, kusa da Matamaye da muka wuce da yatsa ba tare da mun tsaya ba. Hausa suke ji kamar mu.

Abokinmu ya ce ai kakanninmu ma sun ratsa sahara. Gaskiya ne. Ayarin fatake ya daɗe yana tashi daga Kano zuwa Tarabulus ta Agadas da Gat da Gadamas, kuma har yau Buzaye suna zuwa Bilma da raƙuma ɗauko gishiri. Amma su ba su tashi sai da madugu wanda ya san kowace rijiya, suna jiran lokacin sanyi, kuma mutanen gida sun san da tafiyar, sun yi musu addu'a. Shi kuwa abokinmu ko mahaifinsa bai gaya wa ba, direban ma lambar wayarsa kawai yake da ita.

Ba za mu ce muku ya fasa ba, don bai faɗa mana haka ba. Abin da ya yi dai, ya karɓi takardar lissafin ruwan ya ninke ya sa a aljihu, ya ce zai nuna wa yayansa. Mu ma da muka fara shirin muna ɗokin sunayen garuruwa, mun tashi jikinmu a sanyaye.

Mun zana hanyar da jan biro mun liƙa a ƙasan wannan rubutu. Duk wanda ke da irin wannan niyya, ko yake da ɗan uwa mai ita, ya tsaya ya yi nasa lissafin, sannan ya kai wa iyayensa su gani. Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya dawo mana da waɗanda ke can lafiya, amin.