Jirgin da ke Kwance a Ƙarƙashin Bahar Maliya

A kudancin Sinai, inda Bahar Maliya ta tsuke ta nufi Suwez, akwai wani jirgin ruwa na Ingila mai suna Thistlegorm kwance a ƙasan teku, zurfin wajen ƙafa 100. Ya taso daga Glasgo a watan Yuni na 1941, cike da kayan yaƙi, za shi Iskandariya. Da yake Jamus da Italiya sun tsare Bahar Rum, sai da ya kewayo Afirka duka. Yana tsaye yana jiran a ba shi hanya, ran 6 ga Oktoba da tsakad dare, jiragen saman Jamus suka jefa masa bom. Wuta ta kama harsasan da ke ciki, jirgin ya dare, mutum 9 suka rasu.

Masunta ne suka nuna wa wani Bafaranshe, Jacques Cousteau, wurin a shekarun 1950. Daga nan aka manta da shi har farkon shekarun 1990. Yanzu masu nutso sukan taso daga Sharm el-Sheikh tun da asuba, kowa da tulun iska goye a baya da tabarau na ruwa.

Abin da ke ciki, sai wanda ya gani. Ga manyan motocin Bedford, irin waɗanda dattawanmu suka sani a hanya, jere kamar a tasha, wasu tayoyinsu suna nan daram. A bayansu an loda baburan BSA da Norton. Ga bindigogi, ga tulin dogayen takalman roba. Kawunan jirgin ƙasa 2 da aka ɗora a sama kuwa, ƙarfin fashewar ya wurga su cikin ruwa, ɗaya dama ɗaya hagu. Kifaye sai shiga suke yi ta tagogin motoci suna fita.

Amma fa baƙin nan suna cinye abin da suka zo kallo. Igiyoyin da kwalekwale ke ɗaurawa a jikin jirgin sun karya wurare da dama. Iskar da masu nutso ke fitarwa takan taru a rufin ɗakuna, tsatsa ta ƙara ci. Wasu marasa kunya har sitiyarin motoci suka kwance suka tafi da shi, alhali wurin nan ne mutane suka rasa rayukansu. A 2007 aka kafa maɗaurai a ƙasan teku, aka kuma huda ƙarfen don iska ta sami mafita.

Mai niyyar zuwa sai ya zama gwani, gama ruwan wurin yana da ja ƙwarai.